Daga Majigi Zuwa Kyamara Marar Madubi: Tarihin Hoto a Kaduna da Shawarar Mai Shirin Saye

A watan Yunin 2024 kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya sanar da sabuwar kyamararsa mai suna Z6III. Ba a yi kwana biyu ba wani abokina mai ɗaukar hoton biki, wanda ke da ɗan shago a Unguwar Rimi, ya turo mini tallarta, ya biyo da saƙon murya: "Malam, kai da kake karance-karance, duba mini wannan. Sun ce ita kaɗai za ta yi mini hoto ta yi mini bidiyo. In sayar da tsofaffin nawa guda biyu in cika in saya?"

Kuɗinta a Amurka a lokacin dala 2,500 ne, gangar jikin kawai, ba gilashi, ba katin ajiya. A canjin wancan lokaci, da dala ke kai-kawo a wajen naira 1,500, ta tasam ma naira miliyan uku da dubu ɗari bakwai da hamsin kafin a zo maganar dako da kwastan. Wata guda bayan haka aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ma'aikacin da ke karɓar wannan sai ya tara albashin kusan shekara huɗu da rabi, bai taɓa ko kwabo ba, kafin ya riƙe ta. Ke nan abokina jarinsa gaba ɗaya yake tambaya a kai.

Masu gwada kyamarori a YouTube sun riga sun yi nasu bayani, amma a Landan da Tokyo da New York suka yi gwajin. Kaduna kuwa tana da nata tarihi da wannan na'ura. Sau huɗu sabuwar kyamara tana shigowa garin nan tana sauya wanda ke ɗauka, da abin da ake ɗauka, da abin da ke saura bayan an ɗauka. Wanda ya san waɗannan zai fi iya auna ta biyar.

Lokacin da kyamara ke hannun baƙo

Kaduna ƙanwar kyamara ce. A 1900 kamfanin Kodak ya fito da Brownie, ƙaramar kyamarar da ake sayarwa dala ɗaya, sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa bakin wannan kogi. Kano da Katsina da Zazzau ta bakin magabata da rubutun malamai muka san farkonsu. Kaduna kuwa tana da hotuna kusan tun daga tushe: gadar jirgin ƙasa, barikin soja, gidajen gwamnati. Sai dai masu ɗaukar jami'an mulkin mallaka ne da injiniyoyin reluwe da 'yan mishan, kowa kuma abin da ya dame shi yake ɗauka. Leburorin da suka haƙa ƙasa suka ɗauki dutse suna cikin hotunan, amma da wuya ka ga an rubuta sunan ɗayansu a ƙasa.

Hoto mai motsi ta hanyar majigi ya iso ga talaka. Kalmar kanta daga sunan da Turawa ke kiran fitilar haska hotuna a bango aka aro ta. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas mai suna William Sellers ya fara amfani da fim wajen wayar da kai a ƙarshen shekarun 1920, kuma a 1939 aka ba shi jagorancin sashen shirya finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka. Mota ce ke zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada ko a filin makaranta bayan magariba, mai fassara yana bayani da Hausa. Fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950, wanda ke koyar da noman auduga, ta wannan hanya ya zaga Arewa, har yau dattawa na tuna shi. Jama'a na kallo, gwamnati na zaɓar abin da za a kalla.

A farkon 1956 aka yi wa Sarauniya Elizabeth babban hawan daba a filin sukuwa na Kaduna, inda yanzu ake kira Dandalin Murtala. Sarakunan Arewa suka zo da dubban dawaki. Kamfanonin labaran silima na Ingila suka ɗauka suka tafi da shi. A 2014 kamfanin British Pathé ya ɗora finafinai kimanin 85,000 daga taskarsa a YouTube, kuma a irin waɗannan taskoki ne matashin Zazzau ko Katsina ke zuwa yau ya ga dawakin kakanninsa. Abin lura biyu ne: baƙo ne ya ɗauka, baƙon ne kuma ya adana har ya iso gare mu.

Gwamnatin Arewa ta karɓa

A 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Ibadan. Gwamnatin Sardauna ba ta tsaya kallo ba. Ta haɗa hannu da kamfanonin Granada da EMI na Ingila aka kafa BCNN, kuma a watan Maris na 1962 talabijin ta fara aiki a Kaduna. Ranar 1 ga Janairun 1966 jaridar New Nigerian ta fito a karo na farko, mako biyu kafin a kashe Sardauna a gidansa, wurin da yanzu ya zama Gidan Arewa. Daga wannan zamani mai riƙe da kyamarar ɗan ƙasa ne, amma kyamarar ta hukuma ce. Sai an sa hannu a sito kafin a fita da ita, sai an sa hannu in an dawo.

Labaran talabijin na farko a kan fim mai faɗin milimita 16 ake ɗaukar su. Naɗi ɗaya mai tsawon ƙafa 100 bai kai minti uku ba, kuma sai an wanke shi kafin a san abin da aka samu. Wannan ƙarancin ya horar da ma'aikata: mutum yakan tsaya ya auna haske, ya zaɓi wurin tsayawa, ya jira lokacin da ya dace, sannan ya danna. Daga irin wannan makaranta Adamu Halilu ya fito, wanda a 1976 ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A shekara mai zuwa aka yi hawan dabar FESTAC a Kaduna, aka kuma haɗa gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin NTA. A ɗakunan shirye-shiryen Kaduna aka san Usman Baba Pategi da Samanja Mazan Fama, aka san Ƙasimu Yero da Karambana. Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, Ƙasimu a 2017, Samanja a 2023.

A cikin gari kuma akwai masu shagon hoto, da labule mai zanen lambu da kujerar zama da tukunyar furen roba. Fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, don haka hoto abin shiri ne: ranar Sallah, ranar kammala makaranta, ranar da za a tafi Hajji. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin hoto, amma fasfo da katin shaida da takardar jarrabawa sun shigar da shi har gidajen da ba a rataye shi a bango. In an wanke maka hoto akan haɗa maka da dodonsa a cikin ambulan. Wanda ya adana dodon, ko bayan shekara arba'in zai iya sake wanke hotonsa.

Zamanin kaset

Kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa ta fara halartar bukukuwan Kaduna. Sabuwar sana'a ta samu: mai bidiyo, da yaronsa riƙe da fitila mai zafi, da doguwar waya da ake ja har zuwa soket ɗin maƙwabta. Mai hoto daban, mai bidiyo daban, kowa da cinikinsa, kowa da inda yake tsayawa.

A daidai wannan lokaci tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, fim ɗin silima da ake sayowa ake kuma wankewa a waje ya fi ƙarfin masu shiri. Kaset ya cike gurbin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin farkon finafinan Hausa na bidiyo. Kaduna ba a bar ta a baya ba: a nan Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, daga nan kuma Yakubu Lere ya shirya Wasila, wanda ya shiga kusan kowane gida mai bidiyo. Duk wanda ya kalli finafinan wancan lokaci ya san hoton yana da hazo, sautin yana da amo. Bai hana mutane saye ba, domin a karo na farko Bahaushe ya riƙe kyamararsa da kuɗinsa, yana ba da labarin da ya ga dama.

Amma kaset yana da ajali. Damina na sa shi fumfuna, zafi na narkar da shi, kowane kwafi ya fi wanda aka kwafo daga gare shi dishi-dishi. Gidajen talabijin a duk duniya sun riƙa goge tsofaffin shirye-shirye su ɗora sababbi a kai saboda tsadar kaset. BBC kanta ta yi asarar shirye-shirye masu yawa ta haka. Shi ya sa hoton da aka ɗauka a 1956 yakan fi sauƙin samu, ya kuma fi fitowa tar, a kan bidiyon da aka ɗauka a 1992.

Madubin da aka cire

Don a fahimci abin da abokina ke son saye, sai an san aikin madubin. A kyamarar ƙwararru ta da, haske kan shigo ta gilashin gaba ya faɗa kan wani ɗan madubi, shi kuma ya tura shi sama zuwa tagar da mai ɗauka ke leƙawa. In an danna, madubin ya ɗaga, hasken ya wuce ya faɗa kan fim, madubin ya komo. Ƙarar nan da muka saba ji daga nan take fitowa. Da aka koma zamanin dijital sai aka cire fim aka sa farantin lantarki mai karɓar haske, wanda masu sana'a ke kira sensa, amma aka bar madubin a wurinsa.

Shekarar 2008 ce ta sauya lissafi. A cikinta Nikon ya fitar da D90, kyamarar hoto mai madubi ta farko da ke ɗaukar bidiyo. Canon ya biyo da 5D Mark II, mai babbar sensa, wadda bidiyonta ke fito da fuska sarai ya lulluɓe baya da hazo kamar fim ɗin silima. A 2010 da ita aka ɗauki kashin ƙarshe na zangon wani shahararren shirin talabijin na Amurka mai suna House, duk da cewa ba ta wuce kimanin minti 12 a ɗauka ɗaya. Cikin 'yan shekaru ire-irenta suka cika wuraren ɗaukar finafinan Hausa da zaurukan biki. Matsalarta ita ce in za a yi bidiyo dole madubin ya tsaya a ɗage, tagar leƙe ta makance, saita fuska ya koma aikin hannu.

A 2008 ɗin dai Panasonic ya fitar da G1, wadda ba ta da madubin sam. Haske na faɗawa kan sensa kai tsaye a kowane lokaci, abin da ake gani a taga kuma ɗan ƙaramin allo ne. Tunda sensa na kallo ba yankewa, kyamara na iya bin fuska da ido da kanta, ko hoto ake yi ko bidiyo. Sony ya kawo wannan tsari ga babbar sensa a 2013 da A7, Canon da Nikon suka bi sahu a 2018. A 2024 Nikon ya sayi RED, kamfanin Amurka mai ƙera kyamarorin silima, abin da ke nuna inda kasuwar ta dosa.

A Kaduna sakamakon ya bayyana a wurin biki. Sana'o'i biyun nan da kaset ya raba sun koma hannun mutum ɗaya. Uwar amarya tana son hotunan kamu, ango yana son bidiyon ɗaurin aure, ƙawaye suna son gajeren bidiyon da za su ɗora a Instagram kafin a tashi daga dina. Abokina yakan ce aikin ya ninka, kuɗin bai ninka ba. Don haka sha'awarsa ga kyamara ɗaya mai aiki biyu tana da dalili.

Ma'aunin Kaduna

Takardar talla ta ce Z6III tana da megafiksel 24.5, tana kuma ɗaukar ɗanyen bidiyo na 6K a cikin kanta. Duk gaskiya ne. Ga tambayoyin da takardar ba ta amsa ba, waɗanda suka shafi kowace sabuwar kyamara irinta.

Na farko zafi. A 2020 Canon ya fitar da R5 da alfaharin bidiyon 8K, sai ga shi kamfanin da kansa ya bayyana cewa takan yi zafi ta tsaya bayan kimanin minti 20, a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 23 ba. A Kaduna watan Maris da Afrilu sukan haura 35, ɗaurin aure kuma a ƙofar masallaci ake yin sa da rana tsaka. Wasu kamfanoni sun fara sa fanka a ciki, kamar Panasonic a S5II ta 2023. Mai saye ya nemi sanin minti nawa take jurewa a rana, a irin ingancin da zai yi aiki da shi.

Na biyu ƙura. Madubin da aka cire yana ɗan kare sensa. Yanzu da ka cire gilashi don sauya wani, a yawancin irin waɗannan kyamarori sensar ce ke kallon ka a buɗe. A watan Disamba da Janairu, lokacin hunturu kuma lokacin da bukukuwa suka fi yawa, ƙwayar ƙura ɗaya takan zama baƙin ɗigo a kan kowane hoto. A hoto ana iya gogewa a kwamfuta. A bidiyon awa biyu aiki ne ja.

Na uku wuta. Tunda allo da sensa ba sa hutawa, marar madubi ta fi cin batir. A ma'aunin masana'antar, D750 mai madubi tana ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, Z6 ta farko kuwa 310. Inda wuta ba ta da tabbas, batir uku ko huɗu na cikin kuɗin kyamara. Sannan wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka sai an saita bidiyo a kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, in ba haka ba fitilun zauren biki su riƙa ƙyaftawa a cikin bidiyon. In janareta ne ke ja, ko wannan ba ya wadatarwa kullum.

Na huɗu fata da farar riga. Shekaru da dama Kodak na daidaita launin hotuna da katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, baƙar fata kuma ta sha fitowa ba fasali. Gwaji mafi tsanani a garin nan shi ne dattijo baƙi cikin farar babbar riga da rana tsaka: ko a ga aikin rigar fuskar ta nutse, ko a ga fuskar rigar ta ƙone. A nan kam sababbin kyamarori sun ci gaba ƙwarai, domin suna riƙe haske da duhu a lokaci guda fiye da na da. In akwai dalili ɗaya mai ƙarfi na saye, wannan ne.

Na biyar ajiya. Ɗanyen bidiyo na 6K yakan cika kati mai gig 128 cikin 'yan mintuna, yana buƙatar kati mai tsada da kwamfuta mai ƙarfi, alhali a waya za a kalli aikin. Sai sauti, wanda ba sensa ke gyara shi ba, sai makirufo mai kyau a kusa da bakin liman. Sai kuma gyara: in ta faɗi a wurin rububin liƙi, wa zai buɗe ta, daga ina kayan za su zo, mako nawa mutum zai yi ba aiki?

Abin da na faɗa masa

A 2019 duniya ta ji labarin wasu matasan Kaduna da ke kiran kansu The Critics, waɗanda ke shirya gajerun finafinan kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle. Aikinsu ya kai ga idon J.J. Abrams na Hollywood, har ya aiko musu da kayan aiki. Kayan sun biyo bayan gwaninta ne, kamar yadda ya faru a zamanin Turmin Danya.

Na ce wa abokina kyamarar tana da kyau, kuma in wata rana zai sauya, marar madubi zai koma, domin can kamfanoni suka mayar da hankali. Amma kada ya sayar da biyu ya riƙe ɗaya. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, wanda ya je da kyamara ɗaya kuma ta tsaya masa, sunansa ya ɓaci a dangi biyu a yini ɗaya. Na ce ya nemi wadda ta gabace ta a hannun 'yan gwanjo, tunda fitowar sabuwa kan karya kuɗin tsohuwa, ya riƙe ɗaya daga cikin nasa, ragowar kuɗin ya sayi makirufo da fitila da rumbun ajiya guda biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida.

A kan rumbun nan biyu na fi nanata masa, kuma ina da dalili. A gidanmu akwai hoton auren iyayena, an ɗauke shi a wani shago a cikin garin nan kafin a haife ni. Gefensa ya yi ja, amma kowa na nan, har ana gane zanen atamfar. Bidiyon bikin ƙanwata kuwa, wanda aka ɗauka da kyamarar da ta fi waccan sau ɗari, babu shi. Faifan da aka ba mu ya karce, da muka koma wurin mai ɗaukar ya ce rumbunsa ya mutu tun bara waccan. A cikin bidiyon akwai kakarmu tana yi wa amarya nasiha, kuma shi ne kaɗai wurin da aka taɓa naɗar muryarta.

Gidan Arewa da ofishin adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna suna riƙe da takardu da hotunan zamanin Turawa da na Sardauna. Tarihin Kaduna ta yau kuwa, da suturarta da bukukuwanta da fuskokin dattawanta, yana cikin katunan masu hoton biki a Kawo da Malali da Tudun Wada, kuma da yawansu sukan goge katin ranar Alhamis don aikin Juma'a. Abokina bai sayi Z6III ba a wancan karo. Ya sayi rumbu biyu, ya kuma fara wanke wa kowace amarya hoto ashirin a takarda, ko ba ta nema ba.